Ruwan da Inna Ta Aika wa Baba

Ƙanena da matarsa su ne mutanen farko da na taɓa ji sun biya kuɗi don a kai su tsibiri a ajiye. A unguwarmu ta Misfala, cikin shekarun sittin ɗin nan, in mutum ya gama wahalar aikin Hajji, hutunsa shi ne ya shimfiɗa tabarma ya miƙe ƙafa. Su kuwa hoton wasu Misirawa mata da miji suka gani a mujalla, suna kwance a bakin ruwa ƙarƙashin laima, shi ke nan ido ya rufe. Wai za su je fusha, wato shan iska. Kamar iskar Makka ta ƙare.

Ni na san tsibiri, kuma ba a hoto ba. Ban fi shekara shida ba lokacin da masu kwale-kwale suka ɗauko mu daga Sawakin ta gaɓar Sudan, da Baba da Inna da wasu matafiya. Suka sauke mu a kan wani yashi fari fat, suka ce ga Hijaz nan, ku miƙe gabas. Baba ya miƙe gabas, ya tarar da ruwa. Ya bi gaɓa, sai ga shi ya dawo inda ya bar mu. Kafin nan kwale-kwalen ya ɓace. Da ruwan salkarmu ya ja baya, Baba ya riƙa ba Inna nasa rabon, don tana da ciki. Can ya cika, leɓensa duk ya tsage. Maza suka tona da hannu, suka jera masa duwatsun ruwa. Daga baya masunta daga Lis suka tsince mu. Cikin nan shi ne ƙanena. A Makka aka haife shi, ya tashi da Larabci a baki, ya zama magatakarda wajen wani mai yi wa alhazai jagora, ya auri 'yar mai shagon turare. Jikar Katsinawa ce, amma Hausarta ba ta fitowa sai in mai ya fallatso mata a hannu.

Ranar da suka zo sallama, Inna tana tsince shinkafa. Ƙanena yana ta zuba: daga Lis za su shiga jirgin wani masunci, tsibirin babu kowa, masunta ma suna ce masa tsibirin Takari, wato na irinmu baƙi 'yan ƙasar Hausa. Inna ta ajiye faifan. Ta tambaye shi ko akwai gajerun itatuwa da suka tsiro cikin ruwa ta gabas. Ya ce haka mai jirgin ya faɗa, wai nan ne wurin kifi.

Kashegari ta tafi Harami da sandarta, ta ɗebo Zamzam, ta kai wa masu liƙe gwangwani da dalma, irin wanda alhazai ke tafiya da shi gida. Ta miƙa wa ƙanena da hannu biyu.

"Bayan itatuwan za ka ga tsibin duwatsu," in ji ta. "Ka zuba wa mahaifinka. Da ƙishirwa ya tafi, kuma ruwan nan ya fito nema bai ɗanɗana ba."

Na san malamai za su ce mamaci addu'a yake bukata, ba ruwa ba. Inna ma ta sani. Amma shekara talatin da wani abu ba ta sake ganin wanda zai taka wurin ba, kuma ƙafarta ba ta kai ta ko Jidda. Ƙanena ya sumbaci kanta ya ce, "A kan kaina da idona, ya Ummi." Matarsa kuwa ta dubi gwangwanin ta ce yana da nauyi. Wannan mai nauyin, a cikin kayan da suka haɗa da laima, da rediyo, da kujerun naɗewa, da tabarau, da akwatin kwalliya.

Suka yi kwanakinsu suka dawo. Ita tana kukan rana ta mayar da ita baƙa, kamar da can fara ce. Shi kuma ya juye mana bawon katantanwa a tabarma, kowa ya ɗauka, tsaraba ke nan. Ya ce, "Wallahi Yaya, ba ki san daɗi ba. Shiru, babu mota, babu mutum, daga yashi sai ruwa sai sama."

Na ce na sani.

Ya ba da labarin kifin da aka gasa musu, da yadda yake kwanciya ruwa yana lasar ƙafarsa, da yadda rediyo ke kamo Alƙahira tar. Inna ta bari har ya gaji, sannan ta ce, "Ya samu?"

"Ya samu, ya Ummi. Na ga duwatsun, na zuba, na yi masa Fatiha."

Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta yi kuka a gaban 'ya'yanta ba, ko a tsibirin. Ranar nan ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ni ma na ji zuciyata ta yi sanyi, har na ce a raina ashe yaron nan yana da amfani.

Bayan kwana biyu matarsa ta zo in yi mata kitso, don duk iyayinta ba ta samu mai hannuna ba. Tana zaune tsakanin ƙafafuna, ina tsaga, sai ta ce, "Yaya, kin ga gashina bai karye ba ko? Ruwan bahar mugun abu ne, gishiri zalla. Mai jirgin nan marowaci ya hana mu ruwan ganga, wai na sha ne. Allah ya sa muna da tanakar Ummi, gwangwanin nan. Ƙanenki ya huda mini da wuƙa, kullum in na fito sai in ɗauraye kaina. Ai albarka ce ma, Zamzam."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Kabarin fa?"

"Haba Yaya, da wannan zafin? Can nesa ne fa, ga taɓo. Mu ba mu wuce inuwar laima ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ko a jikinta. Na ƙarasa mata kitson, na ja shi yadda ta yi mako ba ta kwanta a kan keya ba.

Na tare ƙanena a bakin lungu yana dawowa daga aiki, da farar rigarsa mai guga. Na ce masa mutumin da ya hana kansa ruwa don kai ka rayu, shi ne ka kasa taka taɓo dominsa. Bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Yaya, duwatsu ne ko'ina, wa zai gane? Hutu muka je, ba ziyarar makabarta ba. Ummi ta ji daɗi ko ba ta ji ba? In kika faɗa mata, ke kika kashe ta."

Na dube shi daga sama har ƙasa, na ga tabarau a aljihu, na ga hancinsa yana saɓa saboda rana, na rasa inda jinin Baba yake a jikinsa. Abin haushin, maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce. Na tofar da yawu na wuce.

Ranar Juma'a Inna ta tashe ni da sassafe, ta ce za ta yi sadaka. Ta jiƙa shinkafa tun jiya, ta sayo alayyafo da kabewa da ƙashi. Ni na hura wuta, ni na riƙe tanda, ita tana juya waina tana gaya wa duk matar da ta leƙo cewa mai gidanta ya sha Zamzam, ɗansa ya kai masa har inda yake kwance. Mata suna ta sa albarka. Wata tsohuwa 'yar Damagaram, wadda ita ma ta bar nata a hanyar Sudan, ta riƙe hannun Inna ta ce ina ma ita ce ta haifi irin wannan ɗa.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga su sun shigo, shi da ita da sabon kitsonta. Inna ta shimfiɗa masa buzun da ba ta bari kowa ya hau, ta zaɓo masa wainar da ta fi tashi. Ina tsaye da ludayi a hannu, na zuba masa ido, ko Allah zai sa loma ta tsaya masa a wuya. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya miƙo mini kwano ya ce in ƙara masa miya.

"Ƙara masa mana," in ji Inna. "Sa masa ƙashin nan mai ɓargo."

Na sa masa.