Yatsan da Baba Tara Ya Bari a Ɗakin Macizai

Kafin kowa ya iso wurin aiki, shi ya riga ya buɗe ɗakin macizai. Yakan bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya ga wanda ya yi saɓa, wanda ya ƙi cin ɓeransa, wanda ya wayi gari da fushi. Sai ya ɗauki ƙugiyarsa, ya jawo kofin gilashi da aka ɗaure wa baki da roba. Aikinsa tatsar dafi. Yakan danne kan maciji, ya kama shi ta bayan muƙamuƙi, ya sa ya ciji robar, dafin ya ɗiga cikin kofi. Dafin nan ake yi wa dawakai allurarsa kaɗan-kaɗan, daga jininsu a fitar da maganin da ke ceton manomin da maciji ya sara. Baba Tara ake ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma har yau ban ga wanda abin ya dama ba.

Ga yadda ya samu sunan.

Dakta, matar da ke shugabantar bincike a wurin, ta lura cewa a wani yanki mai duwatsu maganinmu ba ya ci. Ana yi wa mutum allura, jini ya ci gaba da zuba. Dalilin da take zargi shi ne, dafi ba abu ɗaya ba ne. Haɗi ne na furotin iri-iri, wani ya tsinka jini, wani ya ruɓar da nama, wani ya kashe jijiya. Asalinsu furotin ne na jiki kawai, da suka yi ta sauyawa cikin tsawon zamani gwargwadon abin da macijin ke farauta. Kububuwar da kakanninta suka rayu kan kunama ba lallai dafinta ya zama ɗaya da na mai cin ɓera ba, ko da kamarsu ɗaya. Mu kuwa da dafin masu cin ɓera kaɗai muke haɗa magani.

Aka je aka kamo na duwatsun. Guda ɗaya ce ta iso da rai, ita ma ta ƙi cin abinci, tana ramewa.

Direban da ya kawo ta yana tsaye bakin ƙofa ranar da aka zo tatsar ta, shi ya ba ni labari. Baba ya kama ta, ya kai ta bakin kofi, sai ta murɗa muƙamuƙi, haƙori ɗaya ya shige masa ɗan yatsa.

"Baba, sake ta!" in ji Dakta. "Jefa ta akwati!"

"In na sake ta yanzu, 'yata, gobe gawarta za ki tatsa. Riƙe min kofin nan."

Bai sake ta ba sai da ta zubar da abin da ya rage mata. Ya mayar da ita, ya rufe akwati. Direba ya taho da igiya da reza, zai ɗaure hannun ya tsaga. Baba ya daka masa tsawa: "Kai, mota aka ɗauke ka tuƙawa ko wanzanci? Tayar da ita!"

A asibiti aka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, aka ajiye a ga ko zai daskare. Bai daskare ba. Aka yi allura, aka sake ɗiba. Ruwa tsululu. Dasashinsa ya fara jini. Kowa a ɗakin ya san maganin da ke shiga jijiyarsa shi ne wanda ake cewa ba ya cin wannan dafin. Matarsa ta shigo mayafi a hannu, tana cewa, "Malam, ashe macizan nan sai sun raba mu?" Ya ce, "Ke da kike sarana da baki kullum ban mutu ba, sai wannan 'yar ramammiya?" Ba wanda ya yi dariya. Sai da aka yi ta ƙara masa magani, kafin likita ya karkata kwalba ya ga jinin ya tsaya. Yatsan dai ya ruɓe, aka yanke.

Ban ce ya yi daidai ba, ya karya dokar aiki. Amma ɗigon nan da ya tsaya ya tatsa ya tabbatar da zargin Dakta, aka koma aka kamo wasu, aka gyara haɗin.

Kai ne, Baba, mai hannu ba rawa. Kai ne ka san zafin abin da kake tatsa, ka koma ɗakin da yatsa tara. Akwai matan da yau suke shiga gona da ƙafafunsu, ba su taɓa jin sunanka ba. Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi.

Mu kuma fa? An yi shelar gurbinsa, ba wanda ya nema. Mun yi karatu, kowa na son kujera da fanka. Manya kuwa har sun fara cewa a riƙa sayo dafi daga waje. Daga waje! Dafin macizan da ba su taɓa saran ɗan'uwanka ba! Wato mu koma kan kuskuren da mutumin nan ya ba da yatsa aka gyara.

Saura 'yan kwanaki ya tafi, kuma ya ce zai koya wa duk wanda ya zo. Ƙugiyar tana rataye bayan ƙofa. Kai mai karanta wannan, yatsunka goma ne. Je ka ɗauka.