Yadda Baba Sale Ya Zaɓi Suruki a Dutsen Ɗa'ifa

Duk wanda ya zauna unguwar Waziriyya a ƙasa mai tsarki ya san halin marigayi Baba Sale tela. Da sanyi ya wuce, ruwa ya sauka a duwatsun Ɗa'ifa, sai ya rufe shago ya hau gandun da hukuma ta killace, wai zai gaida furanni. Can kuma ya gwada masu neman 'yarsa Hindatu. Mu uku ne, ya tafi da mu rana ɗaya.

Na farko Nasiru, haihuwar nan unguwar Safa, a motarsa ma muka je. Muka tarar fure ya rufe dutse, rawaya da shuɗi. Nasiru ya tsinko ɗaya zai kai wa Hindatu.

Baba ya ce, "Ka tambayi uwarsa?"

"Uwar wa, Baba?"

"Ka ɗauke ɗan mutane ko sallama babu. Yalla, maza jira mu a mota."

Na biyu Garba, sabon zuwa daga Damagaram. Ya hango agwada mai ƙiba tana shan hantsi a kan falalen dutse, ya haɗiye yawu.

"Baba, wannan in ta ji yaji..."

"Ka zo gidanta kana auna ta da tukunya? Ita iƙamarta, takardar izinin zama, tun kakanni. Ina taka?"

Garba ya bi Nasiru.

Na uku ni. Ina bayansa, inda ya sa ƙafa nan nake sawa. Sai ga bushiya za ta tsallaka hanya. Baba ya ja da baya don ya ba ta wuri, ya murƙushe fure guda da diddige. Ni kuwa ba na son dokar da take tsallake mai ita.

Na ce, "Baba, ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Ya dubi furen, ya leƙa wajen mota, ya dube ni.

"Wa ya gani?"

"Ni da bushiya."

"Ita ba ta magana. Kai me kake so?"

"Abin da ya kawo ni."

"Halas, shi ke nan, an ba ka ita. Amma bakinka alaikum."

Na riƙe alkawari har muka kai shi makwancinsa. Hindatu ma sai jiya ta ji sadakinta na gaskiya, ta yi dariya har dariyar ta koma kuka.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa wannan taku da sauran kurakurai, Ya saukar da shi a lambun da furensa ba ya bushewa. Amin.