Geron da Muka Yanke Ɗanye

Tun ina budurwa ba na yarda da baƙon da ya cika gaisuwa. Ƙauyenmu yana dajin Dakoro, bakin iyaka: kudu ƙasar Gobir, arewa ta Buzaye. Lokacin ba wanda ya taɓa ganin Nasara. Ƙa'idarmu da makiyaya ɗaya ce, raƙumi ba ya shiga gona sai an kwashe dami na ƙarshe.

Wata kaka, gero ya yi ido amma bai ƙosa ba, wani Buzu da ke kawo wa babana gishiri ya sauka ƙofar gidanmu. Ya sha fura, ya yi ta gaisuwa kamar mai neman aure, sannan ya ce, "Maigida, hwara ta taso daga arewa, na gan ta da idona. Ku yanke hatsinku tun yanzu."

Ni da na kawo furar, raƙumansa nake kallo. Duk haƙarƙari a waje, wuyansu kuma ya miƙe wajen gonarmu.

Da ya tafi na ce, "Baba, mi ya sa mai raƙuma da yunwa shi ne ya fara ganin hwara? Kara yake so."

Baba ya ce, "In gaskiya ya faɗa fa? Mi za ku ci?"

Ƙanen Baba ya yi dariya, ya ce shi ko zangarniya ɗaya ba zai taɓa ba. Mu kuwa muka shiga gona, muka yi ta yanka ina ƙunƙuni. Kafin mu ɗaure damin ƙarshe raƙuman sun shigo.

Fara ba ta zo mana ba. Daga baya aka ce ta sauka wajen Kornaka ta cinye gonaki ƙarƙaf. Wasu suka ce ka ga gaskiyar Buzu, wasu suka ce dace ya yi. Ni har yau ban wanke shi ba, kuma ban iya rantsewa ya cuce mu.

Geronmu ya bushe a motse. Ya ciyar da mu da ƙyar, amma bai yi iri ba. Ranar da ruwan shuka ya sauka, na ga babana, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, tsaye ƙofar ƙanensa da ƙwarya a hannu. Abin ya yi mini ciwo. Da ya ga ina kallonsa sai ya ɓoye ƙwaryar a bayansa.