Rawayar Inna a Nuzla

A Nuzla, wata unguwa a Jidda, aka haife ni, ban taɓa ganin dajin ƙasar Hausa ba. Inna ce ta zo daga can tana yarinya, ita da iyayenta, ta hanyar Sudan. Da idonta ya fara dishi-dishi, abu ɗaya ta roƙe ni: ta sake ganin furen rawaya kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. Ta ce a ƙas yake fitowa, babu ganye ko ɗaya.

Na yi ta bin alhazai har wani dattijo ya kawo mini saiwa biyu a ƙunshe cikin tsumma.

Ta farko na dasa a tanaka, wato garwar kalanzir, na sa a inuwa. Safe da yamma ina ba ta ruwa, a unguwar da sai a jaki ake kawo mana shi. Ta yi ganye shar. Shekara biyu, ganye kawai.

Wata rana Inna ta ji ƙarar ruwa.

"Kai wannan, me kake yi?" Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Ban ruwa, Inna."

"Ban ruwa! Wa ya ce maka rawaya na son gata? Sai an ƙone daji take fure."

"Shekara biyu ba ki faɗa mini ba?"

"Ina na san akwai wanda bai sani ba? Ɗan Jidda dai."

Na tara katako a bakin tanakar na cinna wuta. Ban yi tunanin a daji saiwa na can ƙarƙashin ƙasa ba, wuta wucewa kawai take yi. Ƙarfen ya ɗau zafi, saiwar ta dahu kamar rogo.

Ta biyun na binne a bayan gida, na ƙona ciyawa kaɗan a kanta. Wata huɗu ina tsugunawa a wurin kullum. Ko tsiro babu. Lokacin Inna ta fara laluben bango.

"Halas, shi ke nan," in ji ta. "Tono ta ka daka."

Na daka, raina a ɓace. Ta jiƙa garin, ta tsoma farin kallabinta, ya rine ya koma rawaya. Da ya bushe ta kai shi dab da idonta na hagu, ta daɗe tana kallo.

"Furen ya fi wannan haske," ta ce, sannan ta ɗaura.