Shanun Kebbe da Na Raba Biyu

Shekarar da aka samu mulkin kai mahaifinmu ya rasu a Kebbe, aka raba mana shanu ni da yayana. Shi ya kora nasa ya koma ruga. Ni ina malamin auduga a Tambuwal, ina ganin idona ya buɗe, sai na sayar da nawa kaf.

Rabin kuɗin na gina gidan haya kusa da tashar mota. Sauran na sayi hannun jari a wani kamfanin saƙa na Kaduna, don a wurin aiki kowa zancensa yake yi. Lissafina shi ne in ɗaya ya gaza, ɗayan ya riƙe ni.

Da yayana ya ji, sai ya zo har gida.

"Gidan dai na gane shi da idona," in ji shi. "To wanga jari, ina shi ka kiwo?"

"Yaya, ba kiwo yake ba. Riba yake kawowa."

"Allah shi sa."

Da farko abin ya yi kyau. Wani tela ɗan kudu da matarsa suka kama ɗakuna, wani makanike ma ya kama. Matar telan ce ta koya wa uwargidana ɗinkin keke.

Sai ƙasa ta rikice, 'yan kudu suka yi ta tafiya. Telan ya kawo mini makulli, ya ce, "Maigida, sai mun dawo." Ba su dawo ba. Makaniken ma ya shiga soja.

Ginin ƙasa ba ya son zama ba kowa. Damina ta tarar ba a yi yaɓe ba, soron tsakiya ya rufta. Na ce bari in sayar da jarin in gyara. Duk Tambuwal ba mai saye. Na je Sakkwato, akawun banki ya ce sai a Ikko, kuma kamfanin ya daina biyan riba, ko an kai da wuya a taya.

Na tafi Kebbe da niyyar roƙon yayana sa ɗaya. Na same shi a bakin rijiya yana shayar da garkensa, maruƙa na ta tsalle. Muka gaisa, na sha nono, na juyo.

Azarar gidan na ciccire na sayar wa maƙwabci. Ina tsaye yaransa suka kwashe ta, ban iya ko taya su ɗauka ba.