Obiora da Fitilun Ɗakin Sanyi

Kullum ƙarfe bakwai na safe Mista Obiora yakan sauka daga keke-napep a bakin wani ƙaramin asibiti da ke Makera, ya gaida mai gadi, ya wuce can ƙurya zuwa wani ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba. Nan babbar na'urar asibitin take, wadda ake kira saba, mai riƙe da bayanan kowane majiyyaci: rukunin jininsa, sakamakon gwajinsa, maganin da jikinsa ba ya karɓa. Shekara goma sha shida yana buɗe ƙofar nan ya tsaya yana duban 'yan fitilu. In kore ne, lafiya lau. In ruwan lemu ne, wani faifan ajiya ya mutu.

Faya-fayan biyu-biyu suke, kowane na ɗauke da kwafin ɗan'uwansa. In ɗaya ya mutu, sai Obiora ya zare shi ya zura sabo, na'urar na kan aiki, don kada likita ya tsaya jira ga mara lafiya a gabansa. Amma in hannu ya kuskure ya zaro mai ran ya bar mataccen, bayanan dubban mutane na iya salwanta. Baƙin cikin wannan sana'a ke nan: in ka yi daidai, ba wanda zai san ka yi wani abu.

Hafsat, mai kula da katin marasa lafiya, takan tsokane shi wai shi ne likitan da majiyyacinsa bai taɓa ce masa an gode ba. Shi kuwa sai ya ce ai gara nasa, ko ba komai ba ya ƙin allura.

Bara ne idonsa ya fara dushewa. Hawan jinin ido, in ji likita, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ɓoye wa kowa, har matarsa Nkiruka. Wata Talata, ranar awon masu juna biyu, layi har waje, na'urar ta fara ƙara. Obiora ya tsaya gabanta da sabon faifai a hannu, ga fitilu biyu, shi kuwa hazo kawai yake gani. Zuciyarsa ta ce na hagu ne. Ya ɗora yatsa a kan maƙallin faifan hagun, ya daɗe a haka. Ya san in ya nemi taimako asirinsa ya tonu, aikinsa kuma ya ƙare. Ya janye hannu, ya fita ya kira Hafsat.

"'Yata, zo ki ara mini idonki. Wanne ne ruwan lemu?"

Ta ɗauka tsokana ce, har ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa.

"Na dama ne, Baba."

Ya zare na daman, ya zura sabon. Matan da ke layi suka gama awo suka tafi gida, babu wadda ta san abin da ya kusa faruwa. Washegari ya kai takardar ajiye aiki. Shugaban asibitin ya lallashe shi ya zauna, a riƙa duba masa fitilun. Obiora ya ce to ranar da ba kowa a kusa fa? Wata uku ya ƙara, yana miƙa ragama ga wanda zai gaje shi, ya fita ba biki ba jawabi.

Yanzu yana gida a Trikania, duhu na ƙara matso shi a hankali. Littattafai cike suke da jaruman da suka kai hannu. Raina ya fi sosuwa da wanda ya janye nasa.

Kai ne, Baba Obiora, amintaccen da ya zaɓi ya rasa aikinsa maimakon ya yi caca da rayuwar matan da ba su san ko sunansa ba. Kai ne ka faɗi rauninka da bakinka alhali ba wanda ya kama ka. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara. Mu kuma da ke riƙe da amanar mutane a ofis da kasuwa da gareji, ranar da muka daina gani da kyau, Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar da za mu fita mu kira wani ya duba mana.