Ambulan Mai Hatimi Uku

Ranar da ƙanena ya sauka daga mota a Sandamu da katifarsa a naɗe, na san akwai magana. Ɗalibin da ya zo hutu ba ya dawowa da katifa. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni nake tsaye a kan karatunsa. Ga shi ni malamar firamare ce, na sha ƙaryar yara iri-iri, har ta kai ko gaisuwa aka yi mini ladabin ya yi yawa, sai in fara laluben abin da ake ɓoyewa.

Bayan ya ci abinci ya yi mana bayani. Ya ce ya gama aji biyu a jami'arsa ta can kudu, amma yana neman canji zuwa wata da ke kusa da gida, saboda ciwon ƙafar Inna da nisan hanya. Inna har da ƙwalla don murna. Ni kuwa na gyara zama na ce ya bi ni a hankali, in ji ƙa'idar abin.

Ya ce sabuwar jami'ar ba ta karɓar mai canji sai makinsa ya kai wani mataki. Akwai kwamiti da zai ɗora kwasa-kwasan da ya yi a kan nasu, wanda ya zo daidai a bar masa, wanda bai zo ba ya sake. Sau ɗaya kwamitin yake zama a shekara, gab da buɗe makaranta. Kuma ko yaya ya ci, aji biyu za su mayar da shi, don ba sa ba da digiri ga wanda bai yi shekara uku a hannunsu ba.

A nan na tsaya. Maimaita aji dai sunansa maimaita aji, ko wace riga aka sa masa. Raina ya ba ni korarsa aka yi, ya zo yana lallaɓa tsohuwa da zancen ciwon ƙafa. Na ce ya kawo takardar sakamakonsa in gani da idona.

Sai ya ciro wani ambulan ruwan ƙasa daga jaka, an buga hatimi uku a bakinsa, an sa hannu a kai. Ya ce a ƙa'ida makaranta ce ke aika wa makaranta, amma da yake lokaci ya ƙure, an amince ya kai da hannunsa a rufe.

"Yaya, ko ni ba a yarda in buɗe ba," ya ce. "In aka taɓa shi, takardar ta tashi daga aiki."

Ya so ya nuna mini makin a wayarsa, na ce ya riƙe abarsa. Waya da ake ɗora kan wani a wuyan wani, ita ce za ta zama mini shaida? Kuma wace irin takarda ce wannan, sakamakon mutum amma a hana 'yan gidansu gani? Bai yi musu da ni ba. Ya miƙa wa Inna ambulan ɗin, ta sa shi a akwatinta ƙarƙashin zannuwa.

Kwana huɗu ina zuwa gidan bayan an tashi daga makaranta, ina lura da shi. Yana cin abinci sosai, na ce rashin kunya ce. Ya yi shiru, na ce gaskiya ce ke cin sa. Duk abin da ya yi sai in samo masa fassara.

Rana ta biyar, Asabar ce, da hantsi ya ɗauki Inna a babur zuwa asibiti a Daura. Na shiga ɗakinta na buɗe akwatin. Na ɗauka ni mai wayo ce, domin ban taɓa hatimin ba, ta gindin ambulan na bi da sabuwar reza. Na zaro takardar na fita tsakar gida. Kusan duk kwasa-kwasan ya ci su da maki mai kyau, ɗaya ne kawai ya tsallake da ƙyar. Kuma don a san irin halina, kafin in yi murna sai da na ɗaga takardar a rana, ina neman inda aka goge. Ba a goge komai ba. Na jiƙa ƙaro na shafa a bakin yankan, na danne da dutsen guga, na mayar inda yake. Har a raina na ji daɗi, na ce babu wanda ya cutu.

Ya tafi sabuwar jami'ar da ambulan ɗin ranar Litinin, ya dawo washegari da la'asar. Ya zauna a bakin tabarma ya ba mu labari ba tare da ya ɗaga murya ba. Jami'in da ya karɓa ya juya ambulan ɗin, ya bi gindinsa da babban yatsa, ya kira abokin aikinsa. Suka zaunar da shi a benci suna tambayarsa me ya canza a ciki, wa ya taimaka masa. Daga ƙarshe suka ce ba za su yi aiki da ita ba, sai tsohuwar makarantarsa ta aiko da wata kai tsaye. Ya san ba za ta iso kafin kwamiti ya zauna ba, ga shi ya riga ya saki gurbinsa a tsohuwar makarantar. Sai baɗi.

Inna ta yi ta faɗa da mutanen ofis, tana cewa ba su da imani. Da ya tashi ya nufi wajen rumbu na bi shi, ban ma san abin da zan ce ba. Ya juyo ya dube ni.

"Yaya, kin gamsu?"

Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan. Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa kowa ba. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, amma ba ta kai ta sa na buɗe baki ba.

Daminar nan a gona ya yi ta, gero da gyaɗa, yana fita da sassafe. Takardar ta iso bayan an rufe karɓa, kamar yadda ya faɗa. Mutanen gari kuwa suka ga ɗan jami'a da fartanya, suka yanke nasu hukuncin. A wani gidan suna, muna zaune cikin mata ana raba waina, wata dattijuwa ta matso kusa da ni ta yi mini jaje, wai ta ji an kori yaronmu daga makaranta, yaran yanzu sai addu'a. Duk garin ni kaɗai ce na ga makinsa da idona, kuma in na faɗa dole in faɗi yadda aka yi na gani. Matan suka zuba mini ido suna jiran amsata. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah dai ya shirya mana su."